Kundin aiki: gwajin faiba mai narkewa da sukarin jini

7 ga Oktoba, 2024

Aikin da na ɗauko wannan zangon shi ne haɗa wa ɗalibai masu karatun abinci da lafiya gwajin da za su yi da hannunsu, su ga yadda faiba mai narkewa a ruwa ke rage gudun shigar sukari cikin jini (faiba ita ce ɓangaren abincin shuka da jikinmu ba ya iya narkarwa). A aji mukan ce musu faiba na da amfani ga mai ciwon suga, su rubuta, su ci jarrabawa. In ka tambaye su ta wace hanya, sai ajin ya yi tsit. Da yawansu sun ɗauka faiba tana shanye sukarin ne ta fice da shi a bayan gida. Wannan fahimtar nake so gwajin ya gyara, tunda gani ya kori ji.

Bari in fara ajiye hanyar da abincin ke bi, domin a kanta za a gina komai. Sitaci doguwar sarƙa ce ta gulukos, irin sukarin da ke yawo a jini. Amilas, wani inzayim (sinadarin da ke narkar da abinci) da ke cikin yawu, shi ke fara datsa ta tun a baki, ruwan asid na ciki ya dakatar da shi, sannan a farkon ƙaramin hanji amilas na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan ciki, ya karɓi aikin, ya mayar da sarƙar guntaye, irin su maltos. Guntayen nan ba sa shiga jini sai wasu inzayim da ke manne a bangon hanjin sun ƙarasa raba su ɗaya-ɗaya. Daga nan wata ƙofa da ake kira SGLT1 ta ɗauki gulukos tare da sodiyam ta shigar da shi, jini ya kwashe shi zuwa hanta. Duk gulukos ɗin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya bai wuce kimanin giram 4 ba, alhali cin abinci sau ɗaya kan iya kawo giram 50 ko 100. Shi ya sa saurin shigowar ke da muhimmanci ƙwarai. Jiki na iya karɓar lodin in ya zo sannu a hankali. In ya zo gaba ɗaya, sai an zubo insulin mai yawa, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini.

Ita ma faiba kabohaidiret ce, sai dai inzayim ɗinmu ba su iya kwance irin ƙullin da ke haɗe da ita, don haka takan wuce ƙaramin hanji ba a taɓa ta ba. Tambayar aikin ke nan: abin da ba a narkar da shi, ta yaya yake shafar narkewar abin da ke kusa da shi?

14 ga Oktoba

Kaya sun iso: faiba iri biyar, wato garin guwa (daga wani irin wake), fektin, ɓawon siliyom, inulin (ba insulin ba) da dusar alkama, sai gulukos, sitaci, amilas, ruwan aidin, da siririyar ledar dayalisis, wadda ƙananan abubuwa irin su gulukos ke ratsawa, manya kuma ba sa iyawa. Ita ce za ta zame mana hanji.

Ni da Malamar da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje mun dama kowanne giram 1 a ruwa mililita 100. Guwa yana da wuyar sha'ani. In ka zuba shi gaba ɗaya sai ya yi gudaji, waje ya jiƙa, ciki busasshen gari. Sai an riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana juyawa da ƙarfi, kuma ba nan take yake kai ƙarshen kaurinsa ba, sai ya sha ruwa na wasu sa'o'i. Da muka dawo bayan an jima, cokali ya tsaya a ciki yana jan zare in an ɗaga. Fektin ya yi kauri matsakaici. Siliyom ya kumbura ya zama danƙo-danƙo, bai narke sosai ba amma ya riƙe ruwan kam. Dusa ta kwanta a ƙasa, ruwan samanta tsululu.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne inulin. Ya narke tas, ruwan ya koma garau, ka rantse ba a zuba komai ba. A littafi shi da guwa suna layi ɗaya, dukansu "faiba mai narkewa". A cikin kofi kuwa babu abin da ya haɗa su. Malama ta ɗaga kofunan biyu ta ce, "Malam, to waɗannan ta yaya za a ce aikinsu ɗaya a ciki?" Na ce mata abin da muka fito nema ke nan.

21 ga Oktoba

Makon karatu ne. Na koma kan aikin da David Jenkins da abokansa suka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, a 1978. Sun ba mutane masu lafiya ruwan gulukos giram 50, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci haɗe da giram 12 na faiba iri-iri, har da guwa da fektin da dusar alkama. Guwa, wanda ya fi kowanne kauri, shi ya fi danne hauhawar sukarin. Sai suka yi abin da ya warware maganar: suka farfasa sarƙar guwa har kaurinsa ya tafi, suka sake bayarwa. Faibar tana nan, nauyinta ɗaya, amma tasirin ya ɓace. Sun kuma sa wani sukari mai suna zailos a cikin ruwan don bin sawu ta fitsari, aka ga ya makara wajen fitowa amma a ƙarshe bai ragu ba. Wato sukarin ya shiga jiki duka, jinkiri kawai aka yi masa. Jenkins ɗin nan ne, bayan ya koma Jami'ar Toronto, ya fito da ma'aunin da ke jera abinci bisa yadda suke ɗaga sukarin jini, a 1981.

Na yi odar guwa wanda aka riga aka farfasa, ana sayar da shi a haka. Ina so ɗalibai su riƙe kofi biyu na abu ɗaya, wannan da yauƙi, wancan babu.

28 ga Oktoba

Gwajin farko da ledar dayalisis. Mun cika kowace da ruwan gulukos mai ƙarfi ɗaya, ɗaya zalla, sauran da faiba, muka ƙulle bakinsu, muka nutsa su a kofunan ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37. Lokaci-lokaci muna tsoma takardar gwajin suga a ruwan waje mu ga launi. Ledojin suna kwance, ba mai taɓa su.

Bambancin ya yi kaɗan. Na guwa ya ɗan makara, amma ba yadda kaurinsa ya sa muka zata ba. Da na zauna na yi tunani, abin ya yi daidai da hankali. Ruwan guwa na kashi 1 cikin 100 har yanzu kashi 99 ruwa ne. Ƙwayar gulukos ƙarama ce ƙwarai, tana bi ta tsakanin dogayen zarurrukan faibar kusan yadda take tafiya a ruwa zalla. Ashe bayanin da ake yawan yi, cewa yauƙin ya kama sukari ya ɗaure, bai cika ba.

4 ga Nuwamba

Yau aikin ya buɗe. Hanji ba a kwance yake ba, kullum matsawa yake yana saki, yana juya abin da ke ciki domin na tsakiya ya zo gefe ya taɓa bango. Sai muka sake gwajin, wannan karon ɗalibai biyu da suka zo taimako suna matsa ledojin da yatsu a hankali, da ƙa'ida ɗaya, suna bin agogo.

A ledar ruwa zalla, kowace matsa tana hautsina abin da ke ciki, takardar gwaji ta soma sauya launi da wuri ta kuma yi duhu da sauri. Ta inulin da ta farfasasshen guwa suka bi sahunta. A ledar guwa mai kauri kuwa, na sa ɗigon launin abinci a tsakiya don mu ga me ke faruwa. Ana matsawa, ɗigon sai ya miƙe ya yi tsawo, a saki ya dawo kusan inda yake, bai bazu ba. Gulukos ɗin da ke jikin leda ya fita, na tsakiya kuma ya rasa mai kawo shi gefe, dole ya rarrafo da kansa. Wanda ya taɓa zuba suga a shayi bai juya ba ya san abin: sugan yana nan a ƙasa, zai hau, amma sai an jira. Abin da faiba mai yauƙi ke yi ke nan, hana juyawar yin tasiri.

Wannan ya dace da abin da masu bincike suka nuna tun shekarun 1980, cewa babban aikin guwa a ƙaramin hanji shi ne rage cakuɗawar da motsin hanji ke yi. Akwai kuma siririn ruwa da ke kwance a jikin bangon hanji wanda ba ya motsi sosai, gulukos sai ya ratsa shi kafin ya kai ƙofa. In abin da ke ciki ya yi kauri, wannan shingen yakan ƙara faɗi. Abu na uku shi ne ciki kansa, wanda yakan jinkirta sakin abinci mai kauri zuwa hanji. Ledarmu ba za ta iya nuna wannan ba, sai dai a yi bayaninsa da baki. Kuma zan gaya wa ɗalibai cewa ba kullum jinkirin ciki ke bayyana sakamakon ba, domin an ga sukari ya sauka ko a inda ciki bai yi wani jinkiri ba.

Na ji daɗin yau sosai. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta ce, "Malam, ke nan ba rage sukarin ake yi ba, layi ake sa shi ya bi." Na ce ta rubuta hakan a littafinta da bakinta.

11 ga Nuwamba

Sitaci da amilas. Aidin yakan mayar da sitaci shuɗi mai duhu, in amilas ya gama datsa shi launin ya daina fitowa. Mun jera ɗigon aidin a farin faranti, muna ɗiban samfuri da sirinji saboda na guwa ba ya ɗiga. Kwalbar da ba faiba ta riga kowa washewa, ta guwa ta daɗe tana ba da shuɗi. Dalilin bai yi nisa da na makon jiya ba: sai inzayim ya haɗu da sitaci kafin ya yanka shi, kauri kuma yana rage haɗuwar.

A nan na ga ya kamata in ƙara wani abu da gari a kwalba ba ya nunawa. A abinci na ainihi faiba ba barbaɗa ta aka yi ba, ita ce bangon ƙwayoyin shukar, sitacin yana kulle a ciki. Wake da adas (wani ƙaramin dangin wake) da aka dafa ba a markaɗa ba, da yawan ƙwayoyinsu sukan isa hanji da bangonsu, amilas sai ya sha wahala kafin ya shiga. Akwai wani gwaji da aka yi a Bristol aka buga a mujallar Lancet a 1977, inda aka ba mutane tuffa ɗungurungum, da markaɗaɗɗiya, da ruwanta da aka tace, sukarin duka ɗaya. Insulin ya fi tashi bayan ruwan, sukarin jini kuma ya faɗo ƙasa da inda ya fara bayan an jima, abin da bai faru da masu cin tuffar da haƙori ba. Zan sa dafaffen wake guda-guda da wanda aka niƙa a gwajin aidin na gaba.

18 ga Nuwamba

Wake ya yi yadda aka zata. An ƙara shi cikin takardar aikin ɗalibai.

25 ga Nuwamba

Na ɓata makon a kan lissafin hatsin ots, saboda shi ne abincin da kowa ke ambata da zarar an ce faiba mai narkewa. Abin da ke ba shi yauƙi, shi da sha'ir, sunansa beta-gulukan. Akwai lambobi biyu da ɗalibai ke cakuɗawa. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a rubuta a jikin kaya cewa giram 3 na beta-gulukan a rana na taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, ta hanyar saukar da kolestarol. Wannan maganar kolestarol ce. Ta sukari daban take: a 2011 hukumar lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce kafin a yi iƙirarin rage hauhawar sukari bayan cin abinci, sai an samu giram 4 na beta-gulukan a kan kowane giram 30 na kabohaidiret da jiki ke iya narkarwa a abincin. Na fektin kuwa ta sa giram 10 a ci ɗaya.

Ga inda lissafin ya ba ni mamaki. Ots na yau da kullum beta-gulukan ɗinsa kimanin kashi 4 ne cikin 100, sitacinsa kuwa ya kai wajen kashi 60. Wato a kan giram 30 na kabohaidiret za ka samu giram 2 ne kacal, rabin abin da ake nema. Sai an koma ga dusar ots mai ƙarfi ko abin da aka tace daga gare ta. Wannan ba ya nufin ots ba shi da amfani, yana nufin kada a yi wa mai ciwon suga alƙawarin da kwano ɗaya ba zai cika ba. Ina ganin wannan gaskiyar ta fi amfani ga ma'aikacin lafiya fiye da jerin sunayen abinci.

Kuma giram ba shi kaɗai ba ne. Peter Wood da abokan aikinsa a Kanada sun nuna a 1994 cewa in aka gajarta sarƙar beta-gulukan, tasirinsa a kan sukari da insulin yakan ragu gwargwadon yadda kaurin ya ragu. Sarrafawa mai tsanani a masana'anta na iya gajarta ta, haka ma inzayim ɗin da ke cikin fulawa in kwaɓin burodi ya daɗe yana tashi. Daskararwa da narkarwa sau da yawa kuma kan rage yawan wanda ke narkewa. Ga ots ɗin da aka niƙa laushi aka riga aka turara don ya dahu nan take: faibarsa tana nan a rubuce a jikin kwali, amma yana ɗaga sukari fiye da wanda aka bari da gutsattsarinsa. Lambar jikin kwali ba ta faɗar yauƙi.

2 ga Disamba

Mun gwada darasin da rukunin ɗalibai na farko. Wani ya ɗaga hannu: "Malam, to inulin ba shi da amfani ke nan?" Tambayar ta yi kyau, ta kuma sa na ƙara shafi.

Amfaninsa a gaba yake, a babban hanji. Can bakteriya ke cinye faibar da muka kasa narkarwa, su fitar da ƙananan sinadaran asid guda uku, asitet da furofiyonet da butiret, kusan kashi 60 da 20 da 20. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. Waɗannan sinadarai suna kuma taɓa wasu ƙwayoyi a hanji da ke sakin sinadaran saƙo guda biyu, GLP-1 da PYY, masu taimaka wa fitar insulin, da jinkirta ciki, da sa mutum jin ƙoshi. GLP-1 ɗin nan shi ne wanda sababbin alluran ciwon suga da rage ƙiba ke kwaikwayo, ko da yake abin da faiba ke tayarwa bai kai ko kusa da ƙarfin allura ba, kuma na ja kunnen ɗalibai kada su haɗa su a magana da mara lafiya. Hujjar wannan hanya a jikin mutane ba ta kai ta yauƙi ƙarfi ba. Siliyom kuma akasin inulin ne: bakteriya ba sa cin sa sosai, yana riƙe danƙonsa har ƙarshe, shi ya sa yake tausasa bayan gida.

Akwai kuma abin da ake kira tasirin ci na biyu. A 1982 Jenkins ya nuna cewa waɗanda suka karya kumallo da adas, sukarinsu bai tashi sosai ba bayan abincin rana, alhali abincin ranar iri ɗaya aka ba kowa. Abinci mai narkewa a hankali yana gyara yadda jiki zai karɓi na bayansa.

9 ga Disamba

Shafin ƙarshe na takardar ya shafi marasa lafiya, na kuma rubuta shi da taka-tsantsan. Gwajin da na fi son a karanta shi ne wanda aka yi a Dallas aka buga a 2000. Mutum 13 masu ciwon suga nau'i na biyu sun yi mako shida a kan abinci mai faiba giram 24 a rana, da wani mako shida a kan mai giram 50, rabinta mai narkewa, duk daga abinci na ainihi ba gari ba. A kan mai yawan faibar, sukarin yini gaba ɗaya ya sauka da kashi 10 cikin 100, insulin da kashi 12. Mutanen kaɗan ne, amma an tsare abincinsu sosai. A 2019 masu bincike a Toronto sun haɗa gwaje-gwaje 28 na faiba mai yauƙi, kimanin giram 13 a rana, suka ga HbA1c, ma'aunin sukarin wata biyu zuwa uku, ya sauka da kusan rabin maki. Ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. A binciken siliyom an lura cewa gwargwadon lalacewar sukarin mutum gwargwadon amfanin da yake samu. Mai lafiya ba ya ganin wani canji. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta sa aƙalla giram 25 na faiba a rana ga manya, daga abinci.

Gargaɗi uku na sa da manyan baƙi. Yauƙin da ke jinkirta sukari yana iya jinkirta magani, don haka a raba su da kamar sa'o'i biyu. Mai allurar insulin ko shan maganin da ke iya faɗar da sukari ƙasa ya sanar da likitansa kafin ya fara. Sannan ruwa: busasshen guwa ko siliyom in ya kumbura a maƙogwaro yana toshe shi. A farkon shekarun 1990 FDA ta hana sayar da ƙwayoyin rage ƙiba na guwa a Amurka bayan sun toshe wa mutane hanyar abinci. Na bar cokali ɗaya na siliyom a ɗan ruwa kaɗan a gaban ɗalibai, cikin mintuna ya zama dunƙule mai tauri. Bayan nan ba wanda ya tambayi dalilin gargaɗin. Na ƙara da cewa a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, saboda kumburin ciki da iska su ke sa yawancin mutane su watsar tun makon farko.

16 ga Disamba

Ɗalibai sun matsa a gwada a jikinsu da na'urar auna suga ta yatsa. Ni ma ina so, amma ba za a huda yatsan kowa ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, na kuma miƙa takardar neman izini yau. Tsarin zai bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna yadda abinci ke ɗaga sukarin jini, ISO 26642 ta 2010: aƙalla mutum 10 masu lafiya, su kwana ba su ci komai ba, a ba su giram 50 na gulukos, a auna kafin sha, sannan a minti 15, 30, 45, 60, 90 da 120. Kowa zai sha kofi uku a ranaku daban-daban, gulukos zalla, da mai guwa, da mai farfasasshen guwa. Matsalar da ke gabanmu ita ce kaurin da mutum zai iya haɗiya cikin sauƙi, domin na kashi 1 cikin 100 sai da cokali. Malama za ta dama na rabin haka da na kwata, mu zuba kowanne a mazurari mu auna lokacin da yake ɗauka kafin ya tsiyaye, sannan mu maimaita gwajin leda da su kafin kwamitin ya zauna a watan Janairu.